Darasi na 14: Ɗumama Ɗakin Kunkuru a Lokacin Hunturu

Mutumin Nguru ko Gashuwa ba sai an ba shi labarin hunturu ba. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Fabrairu iska takan taso daga arewa maso gabas, ta ratso Hamada ɗauke da ƙura. Da rana ma'aunin zafi ya kai digiri 29 ko 30, da asuba ya faɗo zuwa 12 ko 13, wasu darare ma ƙasa da 10. Mutum ya ja bargo, awaki su cure wuri ɗaya, kaza ta kumbura gashinta. Kunkuru kuwa babu ɗaya daga cikin waɗannan dabaru da zai amfane shi, kuma dalilin haka shi ne tushen darasinmu na yau.

Jikin mutum da na akuya da na kaza suna samar da zafinsu daga abincin da suka ci. Shi ya sa zafin jikin mutum mai lafiya yake tsayawa wajen digiri 37, ko da ɗari ko da bazara. Jikin kunkuru ba ya haka. Zafin wurin da yake kwance shi ne zafin jikinsa. In ƙasa ta yi digiri 12, kafin gari ya waye jikinsa ya kusanci 12. Saboda haka wanda ya lulluɓa wa kunkuru tsohon bargo a kan daɓen siminti mai sanyi ya yi niyya mai kyau, amma bai taimake shi ba. Bargo ba ya kawo zafi, riƙe wanda ke akwai kawai yake yi. Da gari ya waye ma, bargon nan shi zai tare masa rana.

Babban kunkurun Sahel

Wanda muke magana a kansa shi ne babban kunkurun tudu mai launin rairayi da ake ajiyewa a gidaje, ba kififiyar da masunta ke kamawa a ruwa ba. Masana na kiransa Centrochelys sulcata. Ƙasarsa ta asali ita ce bakin Hamada, daga Muritaniya da Senegal, ta Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi, har Sudan da Habasha. Ba ya son fadama irin ta Hadeja da Nguru. Jigawa mai ciyawa da ƙaya, irin ƙasar da ke arewa da mu wajen Machina da Yusufari, ita ce irin wurin zamansa. Shi ne na uku a girma a duk duniya, bayan na tsibiran Galafagos da na tsibirin Aldabra. Babban namiji yakan haura kilo 50, wasu su kusanci 100, kuma yakan yi shekara 70 ko fiye. Wani kunkuru da ya mutu a fadar Soun, sarkin Ogbomoso, a watan Oktoban 2019, mai suna Alagba, irinsa ne. Mutanen fada sun ce shekararsa 344, masana kuwa ba su yarda ya kai haka ba.

Wasu suna ajiye shi don sha'awa, wasu don imanin cewa yana kare gida, wasu kuma gadonsa suka yi daga iyaye. Ko mene ne dalili, wanda ya tsare dabba ya ɗauki nauyin cinta da shanta da makwancinta, kuma za a tambaye shi.

A daji kunkuru ba ya neman kowa ya hura masa wuta. Rami yake haƙawa da ƙafafunsa na gaba, mai zurfi, ya miƙe mita da dama a ƙarƙashin ƙasa. Zafin rana da sanyin dare ba sa shiga ƙasa da nisa. Da an wuce kamu ɗaya ko biyu, bambancin dare da rana ya kusa ɓacewa. Wanda ya taɓa jan ruwan rijiya da asubar hunturu ya san wannan, don ruwan yakan fito da ɗumi alhali na randa ba ya taɓuwa. A ramin nan kunkuru ke tsere wa zafin Afrilu, a cikinsa kuma yake tsere wa ɗarin Janairu. Kuma ɗumin rami yana zuwa masa ta kowane ɓangare: ta ciki, ta baya, ta gefe.

Matsala takan fara ranar da maigida ya ga rami ya doshi gindin katanga. Sai a cike ramin, a zuba siminti a tsakar gida, a kai kunkuru wani shago ko tsohon ɗakin ajiya mai rufin kwano. Ba na ganin laifin maigida, don ramin kunkuru yana iya ka da gini. Amma tunda an hana shi ramin, wajibi ne ɗakin ya yi masa aikin da ramin ke yi.

Abin da ake nema a ɗakin

Abu biyu ake nema, kuma mutane sukan rikita su. Da dare ana son ɗumi mai laushi wanda ya game makwanci gaba ɗaya, babu kusurwa mai ƙanƙara, babu wuri mai ƙuna. Ga babban kunkuru mai lafiya, a wuri busasshe, kada makwanci ya sauka ƙasa da digiri 18; in ya tsaya tsakanin 20 da 25 ya fi. Ƙanana 'yan ƙyanƙyasa, waɗanda ba su wuce tafin hannu ba, suna son 25 zuwa 27, domin ƙaramin jiki nan da nan yake hucewa. Da rana kuwa ba a son ɗaki duka ya zama zafi ɗaya. Ana son gefe guda ya kai digiri 32 zuwa 36 inda zai sha ɗumi, ɗaya gefen ya tsaya wajen 25 zuwa 28 inda zai koma in ya ƙoshi. Kunkuru da tafiya yake daidaita jikinsa. In ka hana shi zaɓi, ko a zafi ko a sanyi, ka cuce shi.

Mu nan Allah Ya hutar da mu rabin aikin, domin da rana muna da rana. Masu kiwon irin wannan kunkuru a Amurka da Turai sukan kulle shi wata huɗu ko biyar a ɗaki, su sayi fitilu na musamman masu ba da hasken da jiki ke bukata don ya sarrafa sinadarin ƙashi. Mu abin da ya rage mana shi ne mu buɗe ƙofa da hantsi ya fita. A lura dai, hasken da ya ratso gilashin taga yana kawo ɗumi amma ba ya kawo wannan amfanin, don gilashi yana tare shi. Kunkurun da bai samun rana kai tsaye ƙoƙon bayansa yakan yi laushi, ƙafafunsa su yi rauni.

Saboda haka aikinmu na dare ne, daga magariba zuwa hantsi.

A auna a ƙasa

Kafin a sayi komai, a sayi ma'aunin zafi irin na bango, wanda masu sayar da kayan kiwon kaji ke da shi. Na asibiti ba zai yi ba, don ba ya nuna abin da ya gaza digiri 35 ko kusa da haka. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rataye ma'auni a ƙusa daidai fuskar mutum. Iska mai ɗumi sama take tashi, mai sanyi ta kwanta ƙasa. Kai da ke tsaye ka ji ɗaki ya yi daɗi, kunkuru kuwa hancinsa bai fi taƙi ɗaya daga daɓe ba, yana shaƙar iskar da ta kurɗo ta ƙarƙashin ƙofa.

A ajiye ma'auni a ƙasa, a bar shi kamar minti goma, a karanta, a rubuta. A yi haka a kusurwa huɗu da tsakiya. Lokacin da ya fi muhimmanci shi ne bayan sallar asuba, gab da fitowar rana, domin a nan sanyi ke kai ƙarshensa. In lambobin nan biyar sun yi kusa da juna, bambancinsu bai wuce digiri uku ba, ɗumi ya game. In wata kusurwa ta faɗi ƙasa sosai, a duba ta, za a tarar da kafa a bango, ko taga marar murfi, ko danshi. Sau da yawa kuma a wannan kusurwar kunkuru zai je ya cusa kansa, don ɗabi'arsa ce ya nemi lungu mai duhu. A daji lungu mai duhu yana nufin rami mai ɗumi. A ɗakin bulo ba haka ba ne, shi kuwa bai sani ba.

Masu renon 'yan tsaki sun saba karanta ɗaki daga halin tsakin: in sun taru ƙarƙashin fitila sanyi suke ji, in sun watse jikin bango zafi ya yi yawa, in sun koma gefe ɗaya iska ke shigowa. Kunkuru ba ya ba da labari da sauri haka. Ba ya kuka, ba ya rawar ɗari. Yana iya yin mako biyu yana cutuwa kafin a ga alama. Don haka babu abin da zai maye gurbin ma'auni.

Toshe kafa tukuna

Ɗumama ɗakin da iska ke ratsawa kamar zuba ruwa ne a randa mai tsaga. Zafi yana fita ta hanya huɗu: rufi, ƙofa, daɓe da bango.

Rufin kwano ya fi kowa laifi. Da rana ya ɗau zafi, da dare ya saki duk abin da ya ɗauka har ya fi iskar waje sanyi idan sama ta yi garau. In ɗakin ba shi da silin, a shimfiɗa zana ko asabari a ƙarƙashin kwanon, a bar ɗan fili tsakaninsu. Buntun shinkafa, wanda ba a rasa shi a wajen masu casa a Gashuwa da ƙauyukan Bade, in aka ɗura shi a buhuna aka jera a kan silin mai ƙarfi, yana riƙe ɗumi ƙwarai. Sai dai a nisanta shi da wayar lantarki. Wanda yake da tsohon ɗakin soro na ƙasa ya riga ya yi nasara, domin katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin yini a hankali, ta sake shi cikin dare a hankali. Kakanninmu ba su yi karatun wannan a makaranta ba, amma ginin da suka bar mana ya fi bulo da kwano dacewa da ƙasar nan.

Ƙofa kada ta kalli arewa ko gabas, inda iskar hunturu ke fitowa. In da hali ta kalli kudu. Akwai dalili na biyu: a watannin sanyi rana takan karkata kudu, har tsakar rana ba ta zuwa tsakar ka. Bangon kudu da ƙofar kudu su ke shan hasken yini. A rataya buhu mai kauri ko tsohuwar darduma a bakin ƙofa, a toshe ƙarƙashinta. Amma kada a rufe ɗaki ruf. A bar 'yar kafa a sama, ta ɓangaren da iska ba ta bugawa, don numfashi da fitar danshi.

Daɓen siminti yana zuƙe zafin cikin kunkuru kai tsaye, tunda a kansa yake kwance. A zuba busasshiyar ƙasa gauraye da rairayi, kaurin taƙi ɗaya ko fiye, a baza busasshiyar ciyawa a kai. In ya ci ciyawar babu laifi, abincinsa ce ta asali.

Sai dabarar da ta fi duka sauƙi, wadda a ganina da ita ya kamata kowa ya fara: ƙaramin ɗaki a cikin babban ɗaki. Mu yi lissafi. Shago mai tsawon mita 4, faɗi mita 3, tsayi mita 3, yana ɗauke da iska 4 × 3 × 3, wato 36. In ka gina ɗan akurki na tubali a kusurwar da ta fi ɗumi, tsawo mita 2, faɗi mita 1.5, tsayi mita 1, iskar da ke ciki 2 × 1.5 × 1, wato 3. Ka ga kashi ɗaya cikin goma sha biyu ke nan. Kunkuru ba ya tsayawa da ƙafa biyu, ba shi da bukatar rufi mai tsayi. A yi wa akurkin murfi na katako wanda za a iya ɗagawa don shara, a yi masa ƙofa daidai faɗin mai shiga da ɗan ƙari, a tuna kuma yana girma. Wannan shi ne ramin da aka hana shi, an gina masa a bisa ƙasa. In kunkuru biyu ne, musamman maza, kowa da nasa, domin suna faɗa har ɗaya ya kifar da ɗaya.

Ajiye zafin rana don dare

Babu abin da ke hannunmu da ya kai ruwa riƙe zafi. Jarka mai lita 25, idan ruwanta ya huce da digiri 10, zafin da ta saki ya yi daidai da na ƙwan lantarki mai wat 100 da aka kunna kusan awa uku. Jarka shida ke nan sun ba da abin da ƙwan zai bayar a wajen awa goma sha bakwai. Kuma ba a wuri ɗaya suke zuba shi ba, ba kuma a lokaci ɗaya ba. A hankali suke saki, ta duk jikinsu, har asuba.

A shafa wa jarkokin baƙin fenti, a cika su, a jera su a rana jikin bangon kudu tun hantsi. Da la'asar sakaliya, kafin su fara hucewa, a shigar da su, a jera kewaye da makwanci: biyu a kowane dogon gefe, ɗaya a ƙarshe, ɗaya kusa da ƙofa inda sanyi ya fi. Kada a tara su a gefe guda. Ranar da hazo ya rufe rana ruwan ba zai ɗau zafi sosai ba. Sai a ɗora tukunya a ragowar wutar tuwon dare, a surka, a ɗura. Kada a zuba tafasasshen ruwa a jarkar roba. Abin da hannu zai iya jurewa ya isa. A sa shinge na katako ko jerin tubali tsakanin jarka da kunkuru, domin wannan dabba ƙarfinta ya wuce yadda ake zato, abin da ta sa gaba sai ta ture shi. Jarkar da ta fashe cikin dare ta jiƙa makwanci ta fi rashin jarka muni, don sanyi da danshi in suka haɗu su ke kawo ciwon huhu.

Wanda ɗaukar jarka ya yi masa nauyi, ko uwargida ce ke kula da dabbar ita kaɗai, sai a yi amfani da galan ƙanana masu yawa, ko jan bulo da aka shanya a rana. Bulo bai kai ruwa riƙe zafi ba, amma ya fi babu.

In za a sa lantarki

A nan ne aka fi ɓarna. Mutum ya sayi ƙwai ɗaya mai ƙarfi, ya rataye shi ƙasa-ƙasa a tsakiyar ɗaki, ya ce ya gama. Ƙwan nan yana haska wuri bai fi faɗin faifai ba. Babban kunkuru ya shiga ƙarƙashinsa, tsakiyar bayansa ta yi ta gasuwa, ƙafafu da wuya da ciki suna cikin sanyi. Tunda jikinsa bai ɗumama ba, ba zai matsa ba. Haka zai kwana, har saman ƙoƙon ya bushe, ya ƙone, ya fara ɓarewa. Ƙoƙon nan ba dutse ba ne; ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya a cikinsa. Shi ya sa ma huda gefensa don a ɗaura igiya, kamar yadda wasu ke yi, azaba ce da ya kamata a daina.

Ƙa'idar ita ce wurin ɗumi ya kai faɗin dabbar duka, ya ma ɗara. Ƙwai uku masu wat 60 a jere sun fi ɗaya mai wat 200. In ka ninka nisan ƙwai sau biyu, zafin da ke sauka a kan kowane ɗan wuri yakan koma wajen kashi ɗaya cikin huɗu, amma ya bazu a fili mai faɗi, kuma bazuwar muke so. Kada nisan ƙwai da saman ƙoƙo ya gaza kamu ɗaya. Don gwaji, a kifa tukunya mai tsayin kunkurun a ƙarƙashin ƙwan, a ɗora ma'auni a kanta rabin awa. In ya haura 38, a ɗaga ƙwan. A rataye shi da sarƙa ko wayar ƙarfe, ba da igiyar wutarsa ba, a kuma kewaye shi da raga, domin ƙwai mai zafi in ya faɗo kan busasshiyar ciyawa gobara ce. Fararen ƙwayaye na zamani masu tsimin wuta ba sa ba da zafin kirki, ba su da amfani a nan. Haske dukan dare kuma yana hana dabba barci. Akwai ƙwan tangaram da ke ba da zafi ba haske, shi ya fi dacewa da dare. A haɗa shi da tamostat, 'yar na'urar da ke kashe wuta in zafi ya kai inda aka saita ta, ta kunna in ya sauka, irin wadda ke cikin injin ƙyanƙyasar ƙwai. A ajiye bakin awonta a ƙasa, inda kunkuru ke kwana. A babban ɗaki, ƙaramar fanka da aka juya sama tana kaɗawa a hankali takan sauko da ɗumin da ya taru a rufi. Kada dai a saita ta kan dabbar.

Sai dai kowa ya san wuta ba ta da tabbas, kuma ba ta sallama kafin ta tafi. Masu sola su yi wannan lissafin: ƙwai mai wat 100 na awa 12 yana cin wat-awa 1,200. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 abin da yake ɗauka ke nan in ya cika maƙil, kuma irin na gargajiya mai ruwa ba a son a shanye fiye da rabinsa. Ƙwai ɗaya ke nan ya cinye batir biyu. Saboda haka lantarki ƙari ne a kan akurki da jarka. Wanda ya dogara da shi kaɗai, daren da aka ɗauke wuta kunkurunsa a sanyi zai kwana.

Maganar gawayi

Na san da yawa za su ce ai ga kasko da garwashi. Kada a yi. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kashe mutane cikin barci, kuma duk hunturu akan ji irin wannan labari mai ban tausayi. Dabbar da ke kulle a akurki ba ta da hanyar gudu, yaron da aka aika ya duba ta ma yana cikin haɗari. Ga shi kunkuru zai ture kaskon. Ga shi kuma zafin garwashi yana yin yawa da farkon dare, ya mutu kafin asuba, daidai lokacin da ake bukatarsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In wuta ce kaɗai abin da kake da shi, hura ta a waje, ka ɗumama ruwa ko bulo, ka shigar da su, ka bar wutar a inda take.

Ruwa, abinci da alamun ciwo

Iskar hunturu busasshiya ce, ɗumama ɗaki kuma yana ƙara busar da ita. Mutane na cewa kunkuru ba ya shan ruwa; yana sha. A ajiye masa ruwa a faffaɗan mazubi marar zurfi a waje. Ƙananan a riƙa tsoma su a ruwa mai ɗumi, wanda bai wuce haɓarsu ba, na kamar minti goma sha biyar, da hantsi bayan rana ta yi ƙarfi, su bushe sarai kafin yamma. Ƙaramin da ya tashi a wuri mai tsananin bushewa ƙoƙonsa yakan fito da tudu-tudu maimakon ya yi sumul. Abinci a bayar bayan ya sha rana, ba da yamma ba, domin cikin da ya yi sanyi ba ya narkar da abinci, sai ya zauna ya ruɓe. Ciyawa ce abincinsa. Tuwo da ragowar shinkafa ba nasa ba ne. Duk wanda ya taɓa shi ko ya share ɗakinsa ya wanke hannu da sabulu, yara musamman.

In aka ga majina ko kumfa a hanci, ido ya kumbura ko ya ƙi buɗewa, yana buɗe baki don numfashi, ko ya yi kwanaki bai ci ba alhali an fitar da shi rana, sanyi ya riga ya kama shi. A ɗaga ɗumin makwanci zuwa wajen digiri 28, dare da rana, a nemi likitan dabbobi. Kada a ɗura masa maganin mutane ko na kaji da ka.

Daga watan Maris lamari yakan juye. Ɗakin da aka toshe don hunturu, in zafi ya haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, zai iya kashe kunkuru cikin yini ɗaya, abin da sanyi ke ɗaukar makonni bai yi ba. A cire labule, a buɗe kafofi, a kwashe jarkoki, a tanadar masa inuwa mai kauri da ɗan wuri mai laka. In aka ga yana zubar da yawu yana shafawa a ƙafafun gaba, zafi ya yi masa yawa, a kai shi inuwa nan take, a yayyafa masa ruwa.

Abu na ƙarshe kafin tambayoyi. Wannan kunkuru yana ƙarewa a daji, saboda yawan kiwo da ke cinye ciyawarsa, da gobarar daji, da kama shi don sayarwa. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma tun 2000 yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, CITES, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don kasuwanci. A Senegal akwai wani wuri a garin Noflaye, kusa da Dakar, da aka buɗe a 2001 don renonsa, har an mayar da wasu dajin Ferlo. Darasin nan don masu kunkuru a gida ne, ba kira ba ne a je a nemo. In an kawo maka ɗan daji a kasuwa kada ka saya, don sayenka shi zai sa a koma a kamo wani. Wanda nasa ya fi ƙarfinsa kuma kada ya kai shi daji ya yar. Ya tuntuɓi ma'aikatan gandun daji, kamar na Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi da ke kula da Dagona a ƙasar Bade, su ba shi shawara.

Tambayoyi

1. Me ya sa bargo ke ɗumama mutum amma ba ya ɗumama kunkuru?
2. A ina ake ajiye ma'aunin zafi, kuma wane lokaci ne ya fi muhimmanci a karanta shi?
3. Ɗaki yana da tsawon mita 5, faɗi mita 3, tsayi mita 3. An gina akurki mai tsawon mita 2.5, faɗi mita 2, tsayi mita 1. Sau nawa iskar ɗakin ta fi ta akurkin?
4. In jarka ɗaya mai lita 25 ta yi daidai da ƙwai mai wat 100 na awa uku, jarka nawa ake bukata don awa goma sha biyu?
5. Wani maƙwabcinka ya ce zai sa wa kunkurunsa kaskon garwashi a shago ya kulle. Me za ka gaya masa?

Aikin gida

Ko ba ku da kunkuru, ku yi wannan aikin, domin ilimin ɗaya ne da na ɗakin 'yan tsaki, da na garken 'yan raguna, da na ɗakin mai jego. Ku haɗu mutum uku ko huɗu a kan ma'auni ɗaya. Kowa ya zana ɗaki guda na gidansa a littafi, ya nuna ƙofa da taga da inda gabas take. Da asuba ya auna kusurwa huɗu da tsakiya a ƙasa, sannan ya sake auna tsakiya a tsayin kafaɗa, ya rubuta lambobin a kan zanen. Ya toshe kafa ɗaya da ya gano, ya sake awo washegari. Ku zo da littattafanku darasi mai zuwa, za mu jera lambobin masu soro da na masu kwano a allo mu gani.